Wanda Ya Wasa Takalman

Tana zaro takalman daga jaka ta gane an taɓa su. Ƙarfen takalmin tseren zamiya a kan ƙanƙara a shimfiɗe ake barin bakinsa, gefensa biyu ke riƙe mutum a kwana. Nata kuwa an wasa su, sun koma bakin wuƙa. Ga shi an kira sunanta, kuma wannan tseren ne zai kai ta gasar ƙasa.

"Wa ya yi miki wannan mugunta?" in ji kociyarta.

Ba ta sani ba. Shekaru tana tasowa daga unguwarsu ta Highbridge zuwa filin tsere ita kaɗai, 'yan unguwa suna cewa shiririta ce, gidansu ba wanda ya taɓa zuwa kallo. Haka ta ɗaura takalman. A kwanar farko ta zame, ta daki bango.

A bakin ƙofa ta tarar da babanta, mahauci, ya rufe shago ya sha rigarsa ta Juma'a.

"Uwata, na ga duk sun dakushe, shi ne na gyara miki da hannuna," ya ce. "Ko kaifin ne bai isa ba?"

Ta mayar da takalman jaka, ta ja zif.

"Ya isa, Baba."