Masu Jar Munduwa

Tun da likitoci suka ce tashin hankali na sakin wani sinadari a jini da ke kashe ƙodar mai hawan jini, aka kafa doka: duk mai hawan jini ya sa jar munduwa, kuma mai sanye da ita ba a gaya masa mugun labari.

Baba Nomau na cikinsu. Ranar Juma'a ya je aski wurin amininsa Jatau wanzami, sai ya tarar da ƙanen Jatau rataye da zabirarsa.

"Kai, ina yayanka?"

"Lafiyarsa lau, Baba. Ya ɗan yi tafiya ne."

"Wane wanzami ke tafiya ya bar zabira?"

Mutumin ya yi murmushi, ya shiga wasa aska. Nan Baba Nomau ya tuna, 'yarsa Kande ma wata uku ke nan ana ce masa ta ɗan yi tafiya.