Billen Tanimu

Tun da aka fara ƙera kyamarorin da ke kulle hotunansu da zarar sabon samfuri ya fito, Asabe take ta jan ƙafa. Duk hotunan marigayi mijinta Tanimu suna cikin tata. Da gargaɗin ƙarshe ya bayyana, sai ta nufi shagon Gambo, aminin marigayin, don ta sayi sabuwa.

"Ka tabbata babu abin da zai same su?"

"Haba, matar yaya. Sabuwar ma ƙara musu kyau take yi."

Ya juye mata komai cikin sabuwar. Tana kunnawa, ga Tanimu ranar sunan 'yarsu, amma fuskarsa sumul. Babu billen kumatunsa, wushiryarsa ma an toshe ta. Kowane hoto ta buɗe, wani baƙo ne ke mata murmushi.

"Dawo min da tsohuwar."

"Ai ta riga ta goge kanta."

"Kuma ka san haka tun farko?"

Gambo ya sunkuyar da kai. Sai idonta ya sauka a bangon bayansa, inda hoton mahaifinsa yake rataye. Na takarda ne, kowace tsaga tana nan a inda wanzami ya yi ta.