Wanzamin da Aka Sallama Ana Jibi Azumi

Ke da aka danƙa wa takardar sallamar marasa lafiya, ajiye biron nan tukuna ki ji wannan.

An yi wani wanzami a wani ƙauye, mai taushin hannu, wanda dattawa kan yi gyangyaɗi a ƙarƙashin askarsa. Taɓin hankali ya same shi, ya yi wata huɗu a asibitin birni, Allah ya ba shi sauƙi. Duk tsawon watannin nan matarsa na zaune a baranda kan tabarmarta, kullum ma'aikata na tsallake ƙafarta su wuce, ba wanda ya taɓa tambayarta sana'ar mijin, balle irin garin da zai koma. Ana jibi azumi aka buƙaci gadonsa. Aka kira ta a tsaitsaye, aka miƙa mata magani a leda, aka ce safe, rana, dare, a dawo bayan Sallah. Murna ta rufe ta, ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗaure kaya. Ma'aikaciyar da ta miƙa ledar kuwa ta riga ta surfa geron kununta a gida, ta san sarai abin da ke tafe, amma ko kaɗan bai faɗo mata a rai ba cewa wannan mutum shi ma zai ga wata.

Abu ɗaya wanzamin ke so a duniya, a sake miƙa masa kai. Wanzami ba shi da jari sai yardar mutane, don ba mai ba da wuyansa ga askar wanda yake shakka. Kuma ya san halin garinsu, duk wanda aka ga ya kai ruwa baki da rana tsaka za a ce ai shi an ɗauke masa alƙalami, har yanzu da saura. Matar ta ce masa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Ya ce Allah ya yi, mutanen gari ba su yi ba. Ya ɗauki azumi. To, maganin safe da na rana fa? Ta je wurin mai kemis, ya ce a tambayi likita. Ta je ƙaramin asibitin gundumarsu, ma'aikacin ya jujjuya ledar, ya ce ba wanda ya rubuto musu ko layi ɗaya a kan wannan mutum, shi ba zai taɓa abin da bai san farkonsa ba. Likitan yana can tafiyar wuni guda, ba a kuma ba ta lambar kowa ba. Sai ta yi dabarar da take ganin za ta fisshe su, ta riƙa haɗa masa ukun yana haɗiyewa da sahur.

Ya riƙa wuni kamar jiƙaƙƙen tsumma, ido na lumshewa, hannu na rawa. Ran shida ga wata ladanin gari ya yi ta maza ya zauna masa a bakin kasuwa, don ya nuna wa jama'a babu komai. Aska ta goce ta tsaga masa bayan kunne. Ba wani babban rauni ba ne, amma jinin ya sauka kan farar riga a idon mutane. Wanzami ya dawo gida ya juye maganin a masai, ya ce shi ya kashe masa hannu, kuma a nan bai yi ƙarya ba. Hannu ya daina rawa, matar har ta fara hamdala. Sai barci ya ƙaurace masa, sai surutu, sai ya koma wasa aska daga safe har yamma babu kan da zai aske. Jajibirin Sallah, ranar da wanzamai ba su samun sukunin miƙe baya, maza huɗu ne suka danne shi suka ɗaure da igiyar guga aka tura shi mota, mutanen da ya yi wa 'ya'yansu askin suna na tsaye suna kallo.

A asibiti ma'aikaciyar nan ce ta tarbe su da faɗa: "Haka kuke ku mutanen ƙauye, da kun ga sauƙi sai ku yar da magani!" Likita ya duba takarda ya ce ai abu ne mai sauƙi, da an canza masa zuwa na sahur da buɗa-baki, ko a ɗora shi kan allurar wata-wata a can kusa da su. Ya ɗago kai ya ce, "Ai da kin tambaya, baiwar Allah." Matar ta ce, "Likita, wata huɗu ina bakin ƙofarku. Ni ban san akwai abin tambaya ba. Ku da kuka sani fa?" Aka ce ta fita waje ta jira.

Ya sake warkewa, amma zabirarsa tana rataye a ɗaki har yau. Mutanen gari kan gaishe shi da fara'a, su tambayi jiki, su wuce da sumarsu wurin wani. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake, don ba ciwo ne ya raba mutumin nan da sana'arsa ba, zaman minti goma ne da wani ya ga ya fi ƙarfin ya yi da matarsa. Wata huɗu suna da damar shirya masa komawa gida, suka bari sai da motar tasha ta kusa cika. Ɗauki bironki, amma ki tuna Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.