Telan Malabo da Zanen Tsohuwa

Tunda ka ce ka fara koyon Sifaniyanci, har kana jin harshen ya kama bakinka, gyara zama in ba ka misalin wani tela.

Telan nan mutumin ƙasarmu ne, neman abinci ya kai shi Malabo, can Ikwatoriyal Gini inda ake Sifaniyanci. Hannunsa na da kyau, ba musu, kuma ya san yana da kyau, to nan gizo ke saƙar. A gida ya tsinci Yarbanci a kasuwa ba malami, sai ya ɗauka wannan ma tsintarsa zai yi. Wani tsohon mahauci maƙwabcinsa, Bahaushe da ya yi furfura a garin, shi ke koya masa kalmomi in ciniki ya lafa. Ranar da suka zo kan "oír" da "escuchar", mahaucin ya ce ta farko ita ce ji, kamar yadda ƙarar ruwa a kan kwano ke shiga kunnenka ba ka gayyace ta ba, ta biyu kuwa saurare, sai ka ajiye abin da ke hannunka. Tela ya yi dariya ya ce ai wannan ko yaro ya san shi da Hausa, a wuce gaba. Abin da ya ƙi koya sam shi ne yadda ake cewa "ban gane ba, a maimaita". Gani yake gemai-gemai da shi, faɗin haka zubar da girma ne. Sai ya riƙe "sí" ɗinsu ya mai da ita "to" ɗinmu, kowa ya yi magana ya ba shi biyu.

Wata safiya wata tsohuwa 'yar garin ta shigo shagonsa da ɗiyarta budurwa. Ta kwance ƙunshi a hankali, ta fito da wani zane mai nauyi, launinsa ya koɗe, bakinsa ɗaya ya zare. Ta shiga bayani. Shi kuwa tarbiyyar gida ta motsa, babba na magana ba a tsura masa ido. Ya sunkuyar da kai, ƙafarsa na kan keke yadda teloli suka saba, ana magana ana ɗinki. Da ya ɗago, da ya ga tana bin bakin zanen da yatsa. Da ya ga ta yi alamar almakashi tana girgiza kai. Bai ɗago ba. Cikin ƙarar keke kalmar "ɗiya" da ta "biki" kaɗai ya cafke, sauran ya ƙarasa da ka. Ya saci kallon budurwar, ya auna ta da ido don a san shi gwani ne, ya ce, "Sí, sí." Tsohuwa ta sake tambaya don ta tabbatar, ya ƙara mata. Zuciyarsa ta ɗan sosa masa cewa bayanin nan ya yi wa riga ɗaya tsawo, ga mahauci nan kusa, kira ɗaya zai zo. Amma a ce shi, a gaban mata, ya nemi tafinta? Kunya ta danne shi.

Ya sa almakashi, ya zuba fasaha, riga da siket na gani na faɗa. Har ya rataye su a ƙofar shago don masu wucewa su shaida.

Da tsohuwa ta dawo ta gan su, ba ta yi ihu ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Durƙusawa ta yi da gwiwoyinta na tsufa, tana tonon tarin ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburinsa, tana ware na zanenta tana jerawa a cinya. Aka kira mahauci. Ya saurare ta, ya juyo bai iya kallon tela ba, ya ce, "Zanen mahaifiyarta ne, marigayiya. Da shi aka kai marigayiyar gidan miji, da shi aka kai ita wannan tsohuwar. Baki kawai ta ce a kalmashe, ɗiyarta ta yafa ranar biki. Ta roƙe ka kada almakashi ya taɓa shi, ka ce sí."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunyar da ya guje wa ƙarama ce, ta tambaya ɗaya; wadda ya tarar kuwa ba ta da magani, don zanen da aka yanka ba ya komawa. Tsohuwa ta ɗaure ƙyallayenta, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi magana gajeriya, a hankali, ba zagi. Kalmomin nan biyu da ya yi wa dariya suna ciki. Wannan ce magana ta farko da ya gane tsaf a harshen ba tare da tafinta ba: "Ka ji ni, amma ba ka saurare ni ba."

To kai ma in ka je cikin masu harshen, tsayar da kekenka, ɗaga kanka, abin da ya shige maka duhu ka ce a maimaita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce matambayi ba ya ɓata.