Shafin da Ya Ƙi Sauka

Wayar ta sake ƙara a daidai lokacin da ɗan acaɓa ya faɗa wani rami a hanyar Kebbe zuwa Tambuwal. Hamdiya ta danne ta cikin hijabi har wayar ta gaji ta yi shiru. Kira na shida ke nan tun safe.

Duk masu kiran abu ɗaya suke so: a ba su Abdulganiyyu, mijinta, mai gyaran injin ban-ruwa. Shekara biyu da suka wuce ya sa aka buɗe masa shafi a intanet, da hotonsa da lambarsa, yana ta fariya wai har daga Jega ana nemansa. To, ga wayar nan a hannunta, ita kaɗai ce waya a gidan, ba damar kashewa don ta nan dangi ke samunta. Wata huɗu tana ɗaki, wayar na cinta kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ta tsani ƙararta.

Yau ce rana ta farko da ta samu fita, kuma buƙatarta ɗaya: a daina kira.

Ta fara da Malam Nasiruddeen, malamin makaranta mai tattara kundin adireshin shafukan masu sana'a na yankin. Shi da hannunsa yake sa mutum, maƙera a rukuninsu, masu gyara a nasu. Da ta faɗi sunan, bai tambaye ta dalili ba. Ya sunkuyar da kai, ya danna sau biyu, sunan ya fita.

Ko bakin titi ba ta kai ba wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Sai ta shiga shagon kwamfuta na Suhaibu, saurayi mai son a san ya yi boko. Ya rubuta "gyaran injin ban-ruwa Kebbe" a injin bincike. Ga Abdulganiyyu nan a sahun farko, yana murmushi da sifana a hannu.

"Hajiya, kundi daban, wanga daban," in ji Suhaibu. "Kundi mutum ka tsare shi, kina iya roƙo nai. Wanga kau da kai nai shika yawo shina kwaso shafuka. Kuma mutane yanzu ba su buɗa kundi, nan suka zuwa."

"To wa za ni roƙo?"

"Babu kowa. Sai in an rufe shafin, sannan a hankali shi ɓace. Kawo lambar sirri."

Ba ta da ita. Abdulganiyyu bai taɓa rubuta komai a takarda ba, a kansa yake ajiya.

Suhaibu ya dube ta, ya dubi wayar namiji a hannunta, ya ga ai ya gano zancen. Mata da miji sai Allah. Ya gyara zama, ya ɗauko muryar wa'azi.

"In faɗa kunka yi, ki yi haƙuri. Ba a kashe ma mutum kasuwa don fushin kwana biyu. Ki ce mai shi taho da kai nai, minti biyar mun gama."

Hamdiya ta buɗe baki, sai wayar ta riga ta. Baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka, da muryar wadda ta faɗi magana ɗaya har ta haddace.

"Wa alaikumus salamu. A'a, malam, ba shi nan. Allah ya yi mai rasuwa, jiya nig gama takaba."