Makullin Keken Murtala

A ofishin 'yan sanda, Sufeto Zakariyya ya miƙa wa Rabi'u ledar ruwa, amma Rabi'u ya ajiye ta gefe bai ɓula ba.

Shekara shida Rabi'u yana shugabantar 'yan a-daidaita-sahu na wata tasha a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma fara'arsa ce ta kai shi kujerar. Ba ya wuce mutum bai tsaya ba. Tun daga nesa zai ware hannuwa yana "Mutumina, na hannun damana", sai mutum ya amsa sannan ya kama sunansa, ya bi iyalinsa da tambaya ɗaya bayan ɗaya. Lambar kowane keke tana kansa. Ya san hular kowa, ya san tarin kowa. Idan rigima ta tashi da fasinja, dariyarsa ce ke kashe ta. Zaɓe biyu ba wanda ya yi takara da shi.

Saboda wannan yarda ne direbobi ke bar masa makullansu idan za su ci abinci. Ranar Litinin bayan azahar wani mutum ya zo sanye da rigar ƙungiya da jar hula irin ta Murtala, ɗaya daga cikin direbobin, waya a kunnensa, ya miƙo hannu bai ce komai ba. Rabi'u ya rungume shi, ya danƙa masa makullin keken Murtala, har ya ɗaga masa hannu da ya tashi injin.

Murtala ya dawo daga wurin mai abinci ya tarar da fili. Da keken nan yake ciyar da 'ya'ya biyar. Mutum goma sun ga rungumar, ba wanda ya san baƙon, kuma duk bakinsu ɗaya: Ciyaman ya san shi.

Kwana biyu ke nan Rabi'u yana tsare. An tambaye shi kamannin mutumin, ya ce jar hula. An sake tambaya, ya sake cewa jar hula. Da safe matarsa Uwani ta kawo abinci cikin koren hijabin da take sakawa duk ranar da za su haɗu a waje. Ta daɗe a ofishin Sufeto, ta fito tana share ido.

Da la'asar Sufeto ya kai shi bayan ofis. Maza huɗu suna tsaye jikin bango, kowanne da farar singileti, ba hula, ba takalmi. Ya ce masa ya nuna wanda ya sani a cikinsu, in ya nuna ya kwana a gida, in ya ƙi gobe kotu.

Rabi'u ya matsa kusa da su. Ya dubi ƙafafunsu, ya dubi hannayensu.

"Yallaɓai, ko za su yi magana? Ko sallama ce."

"Ba wanda zai yi magana. Duba dai."

Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna kujerarsa da mutanen da ke rantsuwa da amanarsa. Yatsa ɗaya kawai ake nema. Hannunsa ya fara ɗagawa wajen na uku, mutumin ya haɗiye yawu, ƙirjinsa na hawa da sauka. Rabi'u ya dakata. In ba shi ba ne fa? Ya sauke hannun.

"Ban gane ko ɗaya ba, Yallaɓai."

"Ka duba da kyau. Ka san abin da ke jiranka."

"Wallahi ban gane kowa ba. A kai ni kotun."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a kawo masa takalmansa da wayarsa, ya tafi gida, za a nemi ɓarawon a wani wuri.

Na uku ya fashe da kuka, Rabi'u ya daskare da ya ji muryar. Sani ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, tsaye tsakanin surukin Rabi'u da maƙwabcinsa da Murtala kansa. Uwani ce ta roƙi a jera su, don Sufeto ya ga abin da ita kaɗai ta sani: tunda aka haifi Rabi'u bai taɓa iya gane fuskar mutum ba, shi ya sa yake rungumar kowa.