Baƙon da Ya Wanke Tumaki da Magimfa

Tunda ka ce jibi za ka koma zama a garin da ba ka taɓa kwana ba, tsaya in ba ka wani misali kafin ka ɗaure kaya. An yi wani makiyayi, mutumin tudu, wanda fari ya cinye masa dabbobi, ya gangaro da iyalinsa wani ƙauyen masunta yana neman inda zai raɓa. Wani dattijo ya sauke shi a gidansa, ya kuma tsaya masa a gaban mai gari har aka yi alkawarin yanka masa gona idan damina ta faɗi. Wannan dattijo shi aka damƙa wa tsaron tafkin garin. Al'adarsu kuwa, da zarar ruwan sama ya ɗauke ba mai jefa ko ƙugiya a tafkin sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, lokacin da rumbuna suka fara haske, a kama kifi a yi banda, da shi za a ja har kaka. Baƙon ba butulu ba ne. Alherin da aka yi masa ya tsaya masa a rai, kullum tunaninsa da me zai rama. Sai ya lura tumakin gidan duk kaska ta cinye su, suna ta goga jiki a bango. Ya kuma ga magimfa ta yi kurmi a wani kango bayan gari, ta kai kafaɗar mutum, ga fararen furanni, ga kwanso mai gashi kamar na wake, ba mai ko kallonta. Ya riƙe baki. A wurin makiyayan da ya tashi a cikinsu, ganyen nan ake dakawa a wanke dabba, kaska da ƙwarƙwata su zube. Ya ce a ransa, masu cin kifin nan suna kwana kan magani ba su sani ba. Bai tambayi kowa ba, don so yake sai dai a ga aiki.

Ranar da gari ya watse zuwa kasuwa, ya yanko ganyen ya kirɓa a turmi, ya cika buhuna, ya koro tumakin maigidansa da na maƙwabta zuwa tafki. Rani ya riga ya tsotse ruwan, kifi duk ya taru a ɗan abin da ya rage. Ya tsoma buhunan a ciki yana matsewa, yana cuɗa tumakin ɗaya bayan ɗaya, kaska na faɗowa, shi kuwa har da 'yar waƙarsa. Ya bar buhu guda a jiƙe don gobe, ya kora dabbobin gida ya kwanta yana jiran godiya. Da la'asar sai salati ya tashi daga bakin ruwa. Ya ruga tare da jama'a. Tafkin ya yi fari fat. Tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa duk sun juyo ciki sama, har 'yan ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda su ne kifin baɗi. Mata sun ɗora hannu a ka. Ba a saro itacen banda ba, ga zafin bazara, kowa ya san kafin a gyara kwando ɗaya goma sun ruɓe. Wallahi ko ni da nake ba ka labarin, tsigar jikina tashi take yi. Baƙon nan, don kishin maigidansa, ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce duk wanda ya yi wannan aiki Allah ya isa, kada a bar shi ya ƙara kwana a garin. Yana cikin tsinuwa wani masunci ya jawo buhun daga cikin ruwa, ya zazzage dakakken ganye a gaban mutane. Baƙo ya matso da gaskiyarsa ya ce, "A'a, wannan ai nawa ne, maganin kaska ne." 

Ashe babu yaron da bai san magimfa ba a garin. Da ita kakanninsu suka taɓa kashe tafkin, aka yi shekaru ana cin tuwo da miya lami, shi ya sa aka haramta ko taɓa ta, aka bar ta ta zama kurmi. Dattijon ya dubi baƙonsa, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, "Ɗana, ɗakina da naka taku nawa ne? Da ka tambaye ni." Ba wanda ya ɗaga wa baƙon hannu, don kowa ya ga ba mugunta ba ce. Amma hukuncin da shi baƙon ya yanke da bakinsa shi aka bi. Maganar gona ta mutu, dattijo ya sauka daga tsaron tafkin da ya gada daga ubansa, baƙo kuma ya ɗora wa matarsa kaya suka fita ta gaban tumakin da ya wanke, suna tsaye tsaf ba ko kaska ɗaya a jikinsu.

To, ka ji. Mutumin nan ya san ganyen sarai, garin ne bai sani ba. In ka je ka tarar mutane sun kewaye wani abu ba sa taɓawa, kada ka ɗauka wauta ce, buɗe baki ka tambaya. Hausawa dai sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.